Bangon da Yake Gumi

Bango ɗaya ne tsakanin gidan Mai Tayil da na maƙwabcinsa, kuma a kan bangon nan ne Mai Tayil ya koyi tsanar mutum. Da can bai iya ba. Mutum ne da ko mai aiki ya zazzage masa rashin mutunci sai ya ce a yi haƙuri, ya koma ya durƙusa a kan simintinsa.

Ta ɓangarensa, bangon na ɗakin 'yarsa Auta ne. Ta ɗaya ɓangaren kuwa banɗakin maƙwabci ne, kuma a jikin bangon aka kafa shawa. Maƙwabcin mai shagon katifa ne, ɗan gayu mai son fararen kaya da turare, mai wanka kamar agwagwa. Duk layin Na-Sani suke kiransa, a bayan idonsa dai, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana bai tare ka da "na sani" ba. Ko ce masa ka yi yanzun nan matarka ta haihu, sai ya ce ai ya sani.

Wani mai aikin ha'inci ne ya liƙa masa tayil ɗin banɗakin a arha, ya ɗiɗɗiga siminti a bayan kowane ɗaya ya manna, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Ruwa kuwa ba ya raina ƙofa. Ya bi ta tsakanin tayil, ya shiga bulo, ya ɓullo a ɗakin Auta. Fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, daga nan fumfuna ta bi bango baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsayin kafaɗa. Sai yarinya ta fara tari. Tarin ya zama fito a ƙirji, har ta kai in za ta ja numfashi sai ta dafa gwiwa kamar tsohuwa, ita da ko firamare ba ta gama ba.

Babu abin da Mai Tayil bai yi ba ta nasa ɓangaren. Ya kankare, ya sake filasta, ya shafa magani, duk ruwan ya turo su daga baya. Shi ya fi kowa sanin cewa daga inda ruwa yake shiga ake tare shi. Don haka ya je ya sami Na-Sani a ƙofar gida, yana zaune cikin abokan hirarsa, ya gaishe shi da ladabi.

"Maigida, ruwan banɗakinka ne yake shigo mana. Yarinya ba ta iya numfashi. Ka bar ni in cire tayil ɗin in gyara, ba sai ka ba ni komai ba."

"Na sani," in ji Na-Sani, ko ɗago kai bai yi ba, yana goge agogonsa da hankici. "Ai ba ruwa ba ne. Bango ne yake gumi. Kowane bango yana gumi. Ku riƙa buɗe taga."

"Maigida, zo ka taɓa da hannunka."

"In taɓa me? Jama'a ku ji min mutum. Mai tayil guda, bangonsa na yoyo, ya zo zai fasa nawa!"

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, irin wadda mutane ke yi wa mai saya musu lemo ne a majalisa, amma ta shiga Mai Tayil har ƙashi. Ya koma sau da dama bayan wannan, ya tura dattawa, matarsa ta je ta roƙi matar gidan. Matar mutuniyar kirki ce, sai dai a gidan nan maganarta ba ta wuce ƙofar kicin. Na-Sani ya yi ƙememe.

Likita ya ce a raba yarinyar da gidan. Ɗakuna biyu ne gare su, kuma warin ya riga ya cika duka biyun. Haka suka haɗa mata kaya a jaka, suka kai ta wani gari wajen gwaggonta. A tasha Auta ta riƙe hannun rigarsa tana tambaya, "Baba, yaushe zan dawo?" Ya ce sai bango ya bushe. Ya dawo gida ya zauna a kan gadonta da aka naɗe katifarsa, sai ga ƙarar shawa ta bayan bango, da muryar Na-Sani yana rera waƙa. A wannan zaman ya ƙulla mutumin a zuciya, ƙullin da ba na kwancewa ba.

Sai da aka daɗe sannan dama ta zo, kuma da ƙafarta ta zo, tana ɗingishi. Wata safiya tayil guda ya saki bango yayin da Na-Sani yake tsakiyar saɓa sabulu, ya sauko masa a kan babban yatsa. Ihun da ya yi har bakin titi. Kafin la'asar ga shi a ƙofar Mai Tayil da ƙafa naɗe da bandeji, yana murmushi kamar jiya suka rabu lafiya.

"Mai Tayil, ɗan aiki ne. Na sayo tayil 'yan waje, ba irin waɗanda kuka saba taɓawa ba. Aikin maƙwabtaka za ka yi min, ka gane ai."

"Na gane, maigida. Gobe zan fara."

Da ya tafi, Maman Auta ta fito daga bayan labule, ido jajur. "Baban Auta, kai wane irin mutum ne? Mutumin da ya raba ni da 'yata shi za ka je ka durƙusa wa? Wallahi da ni ce, sai dai banɗakin ya rufta masa."

"Ina ragowar baƙin maganin hana ruwan nan da na ajiye a ƙarƙashin gado?"

"Ina maka magana kana tambayata gwangwani!"

Ya kalle ta ya yi murmushi, wanda rabonta da ganin irinsa tun kafin tafiyar Auta. Ta je ta jawo gwangwanin.

Mai Tayil ya daɗe yana nazarin maƙwabcinsa, ya kuma gano abu ɗaya. Na-Sani ba ya karɓar shawara, ko da ta ceton ransa ce. In ka ce masa gabas, yamma zai yi, don kada a ce wani ne ya nuna masa hanya. Irin wannan mutumin ba ka bukatar yi masa ƙarya. Gaskiya za ka gaya masa tsirararta a gaban shaida, sannan ka ja gefe.

Washegari ya shiga da guduma da cizal, ƙarfen fasa siminti. Tsohon tayil ɗin ko gardama bai yi ba, da hannu ma ɓarewa yake. Bayansa kuwa jiƙe sharkaf. Ya kankare ruɓaɓɓen filasta har ya tarar da bulo, ya bar wurin ya sha iska. Ranar da mai famfo ya zo duba bututu, Na-Sani ya tsaya a ƙofar banɗakin, hannu a ƙugu, yana ba da umarni. A nan Mai Tayil ya jefa ƙugiyarsa.

"Maigida, shawara ɗaya. Shawar nan a bar ta a inda take. Kada a ce za a mayar da ita wancan bangon, don bayansa ɗakin kwananka ne, ga durowar kayanka a jingine."

Babu wanda ya yi zancen mayar da shawa kafin wannan lokacin. Na-Sani ya dubi wancan bangon, ya karkata kai.

"Na sani. Ai dama can nake so a mayar da ita. Can ta fi haske."

"To in dai sai an mayar, dole ka sayo maganin hana ruwa a shafe bangon kafin a ɗora tayil. Kuma a bar sabon filasta ya bushe tukuna."

"Gaskiya ya faɗa, yallaɓai," in ji mai famfo.

"Ku dai masu aikin hannu bakinku ɗaya. Magani! Tayil ɗin da ruwa ke zamewa a kansa kamar gilashi, wane magani yake nema? Dabarar cin kuɗin mutane ce, na san ta. Kuma ba zan yi ta wanka da bokiti ina jiran filasta ba. Ka liƙa min kayana."

"Mai famfo, ka dai ji na faɗa."

"Na ji da kunnena."

Mai Tayil ya sunkuyar da kai kamar wanda aka fi ƙarfinsa. A cikinsa kuwa wani sanyin daɗi ne yake sauka har tafin ƙafa.

Ragowar maganinsa ya juye duka a bangon Auta, ta ɓangaren banɗakin. Ya shafa, ya jira ya bushe, ya sake shafawa, ya bi kusurwa da kusurwa da ɗan buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Da Na-Sani ya leƙo ya ga bango baƙi, ya tambayi wannan kwaltar fa. Mai Tayil ya ce ragowar wani aiki ce, kyauta ce, kuma ta ƙare. Jin kyauta ya sa mutumin ya juya ya tafi abinsa.

Sannan ya juya ga ɗaya bangon, ya yi masa aikin da bai taɓa yi wa kowa ba. Kada wani ya ce ya yi ha'inci, bai yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi yi masa daɗi. Ya jiƙa tayil a baho har suka daina fitar da kumfa. Ya ɗora lebur, ma'aunin daidaita gini, ya ja layi, ya kafa katako a kan layin, ya fara jerawa daga nan zuwa sama. Kowane tayil sai ya cika bayansa da siminti taf, ya danna, ya bubbuga da ƙotar cokalin gini yana saurare, in ya ji alamar rami ya cire ya sake. Tsinken ashana yake sakawa a tsakani don layi ya tafi daidai. Wajen bututu ya yanka zagaye cif, ko reza ba za ta shiga ba. Ya cike tsakanin da farin siminti, ya goge da soso har fuskarsa ta fito a jiki. Tayil ɗin nan ko da giwa aka ja shi ba zai faɗo ba. Amma farin siminti yana shan ruwa a hankali, kuma babu abin da zai tare ruwan a baya sai ɗanyen filasta da bulo mai ƙishirwa.

Na-Sani ya kira abokan hirarsa har cikin banɗaki su ga aiki. "Ni na tsara komai," yake ce musu. "Shi dai liƙawa kawai ya yi."

Bangon Auta ya fara bushewa daga sama. Kullum da safe Mai Tayil sai ya ɗora tafin hannu a kai kafin ya fita. Da ya tabbata, ya kankare baƙin, ya yi sabon fenti ruwan ƙwai, ya shanya katifa a rana, ya je da kansa ya ɗauko 'yarsa. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, tana gudu a tsakar gida ba ta dafa gwiwa. Maman Auta ta yi ta kuka tana dariya. Da a ce Mai Tayil mutumin da ne, da nan zancen ya ƙare. Amma shi yanzu jira yake.

Bai yi jiran banza ba. Wata rana Maman Auta ta shigo da sauri tana rufe baki da mayafi. "Zo ka ga igiyar shanyarsu." Ya taka bokiti ya leƙa ta saman katanga. Fararen kayan Na-Sani ne reras a igiya, kowace riga da ɗigo-ɗigon baƙi a kafaɗa da baya. A ƙasa an jera takalman fata a rana, sun yi gashi kore. Mai Tayil ya sauko daga kan bokitin ya ce a ƙaro masa abinci.

Daga nan kullum da sabon labari. Bayan durowa ya ruɓe ya zube. An kira mai fenti, fenti ya kumbura. An kira mai famfo ya duba bututu, ya ce bututunsa lafiya lau, kuma shi dai ya ji abin da aka faɗa ranar nan. Na-Sani ya ninka turaren da yake fesawa, amma in ya wuce sai ka ji warin laima yana biye da shi. Mai Tayil ya ji daɗi, daɗi na gaske, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

Ranar da ya daɗe yana tanadi ta same shi a ƙofar gida yana wanke kayan aiki. Na-Sani ya tako har gabansa, abokan hira suna kallo daga benci.

"Mai Tayil, wane irin aiki ka yi min? Ɗakina duk ruwa."

"Tayil ya faɗo ne, maigida?"

"Bai faɗo ba."

"Ya tsage?"

"Ina maka zancen bango kana min zancen tayil! Bangon ɗakina jiƙe yake!"

Mai Tayil ya ɗauraye cokalin gininsa, ya duba gabansa da bayansa, ya ajiye. Ya ɗago kai a hankali don kada ko kalma ɗaya ta zube a ƙasa.

"Ai ba ruwa ba ne, maigida. Bango ne yake gumi. Kowane bango yana gumi. Ku riƙa buɗe taga."

A benci wani ya kasa riƙewa ya tuntsire, sauran suka bi. Na-Sani ya juya ya shige gida yana jan ƙafa. A ranar Mai Tayil har waƙa ya yi a wanka, shi da ba ya waƙa.

Ya so a ce haka za a yi ta tafiya har mutumin ya ruɓe tare da rigunansa. Bai san Na-Sani ya riga ya kwashe sauran kayansa ya koma ɗakin gaba ba. Bai kuma san cewa da babbar 'yar gidan ta zo zama da jaririyarta, saboda mijinta ya yi tafiyar aiki, ɗakin nan mai laima uban ya sa aka gyara musu ba. An dai ja labule a kan bangon, an kunna turare.

Wata safiya suna karyawa a tsakar gida, Auta ta tsaya da kofi a hannu, ta karkata kunne wajen katanga.

"Baba, ji."

Tari ne, ɗan ƙarami, busasshe, a ƙarshensa da wani siririn fito.

"Irin nawa ne," in ji Auta. "Baba, ita ma za a kai ta wajen gwaggonta?"

Mai Tayil ya ture kwanonsa gefe. Maman Auta, wadda ta fi kowa rawar murna ranar shanya, ta ajiye cokali. "Da kakan muke yi," ta ce. "Ba da wannan ba." Ta yafa mayafi ta fita. Ba a jima ba ta dawo da jaririyar a kafaɗa, uwar na biye da jaka tana share hawaye, ta wuce da su kai tsaye ɗakin Auta.

Mai Tayil bai huce ba. Wani sabon haushi ne ma ya taso masa a kan tsohon. Wato mutumin nan ya san ɗakin ba ya zaunuwa, ya tsere da fatarsa, ya tura jikarsa ciki don kada a ce ya yi kuskure. Ya ɗauki guduma da cizal, ya ɗauki kujerar roba, ya shiga gidan ko sallamar kirki bai yi ba.

Ya tarar da Na-Sani tsaye a falo cikin farar riga, matarsa a ƙofar kicin ta harɗe hannu, da alama yau maganarta ta wuce ƙofar.

"Mai Tayil," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ka gyara min. Duk abin da ka ce a saya zan saya."

"Zan gyara. Amma ba ni zan fasa ba. Ka ce kai ka tsara, ni liƙawa kawai na yi. To wanda ya tsara shi zai rushe." Ya miƙa masa guduma da cizal.

"Haba, Mai Tayil. Ni da girmana?"

"Jikarka tana ɗakin 'yata tana neman numfashi. Ba za ta dawo gidan nan ba sai bango ya bushe, bango kuma ba zai bushe ba sai tayil ya sauka. In ka ga dama ka tsaya neman girma."

Na-Sani ya dubi matarsa. Ta kawar da kai. Ya karɓi kayan.

Mai Tayil ya dasa kujerarsa a ƙofar banɗaki ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. A nan ne kyawun aikinsa ya yi rana. Tsohon tayil da hannu ya ɓare, wannan kuwa ya kama bango kamar tare aka halicce su. Na-Sani ya kafa cizal ya buga, cizal ya zame. Ya sake bugawa ya sami yatsansa. Gumi ya jiƙa farar rigar, ƙura ta hau gashin baki, numfashinsa ya fara fita sama-sama. Mai Tayil bai ce masa ga yadda ake riƙewa ba. Ai ya sani.

Da ƙyar tayil na farko ya tsage, ya zubo guntu-guntu a kan takalmansa. Bayansa baƙi, yana sheƙi, ruwa na tsattsafowa yana gangarowa. Wari ya cika banɗakin.

"Ajiye gudumar," in ji Mai Tayil. "Ɗora hannunka."

Na-Sani ya tsaya.

"Na taɓa roƙonka ka zo ka taɓa nawa, ka ƙi. Taɓa naka."

Ya ɗora tafin hannu a kan bulon. Da ya ɗago, ruwa na bin yatsunsa har cikin hannun riga.

"Gumi ne?"

Ta bayan ɗaya bangon, busasshen, ana jiyo muryar Auta tana yi wa jaririyar wasa, sai ɗan tarin nan ya katse ta. Na-Sani ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ruwa ne," ya ce. "Ruwan wankana ne."

"To ɗauki gudumar," in ji Mai Tayil, ya gyara zama. "Har sama za ka kai."